Zafin Bazara Da Amanar Kaya: Darasin Da Na Koya Daga Fataken Giyar Ingila

A shekarar da azumi ya faɗo cikin watan Afrilu, wata ranar Talata daf da la'asar, aka kira ni a waya, kiran da har gobe in na tuna shi nakan ji kunya ta lulluɓe ni. Mai kiran wani dattijo ne, abokin cinikina a Damagaram, wanda na shekara huɗu ina aika wa zoɓon roba daga 'yar masana'antata da ke Kano, shi kuma yana rarraba wa masu shaguna. Muka gaisa, ya tambaye ni iyali da ibada, sannan ya ɗan yi shiru, ya ce: "Malam, zoɓon buɗa-baki na ce ka aiko mini. Wannan da aka sauke mini kuwa, in ba giya aka kira shi ba, to ban san sunan da za a raɗa masa ba."

Na ce, "Subhanallahi! Alhaji, me ya faru?"

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Motar da ta ɗauki katan 300 na kayana ta lalace a hanya, ta kwana uku a tsaye cikin rana ana jiran a kawo kayan gyara. Kafin ta isa, robobin sun kumbura sun yi tim, wasu sun fashe sun jiƙa kwalaye, waɗanda suka tsira kuwa da an murɗa murfi sai kumfa ta yi tsiri, wani tsami mai hawa ka ya biyo baya. Sukarin da na zuba domin masu azumi su ji daɗin buɗe baki, shi ne ya zama abincin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suka ci, suka mayar da shi iska da barasa.

Maganar farko da ta fito daga bakina ita ce wadda kowane ɗan kasuwa yake saurin faɗa: "Alhaji, ai kaya lafiya ƙalau suka bar hannuna." Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Na yarda, Malam. Amma ni abin da ya iso hannuna na saya, ban sayi abin da ya bar hannunka ba." Muka yi sallama a kan sai bayan Sallah za mu zauna. Na kwana ina juya maganar, ina neman wanda zan ɗora wa laifi tsakanin direba da mai mota da ranar bazara.

Kashegari na je wurin wani tsohon abokin karatuna da ke koyar da kimiyyar abinci, na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi, ya ce in ina son in fahimci abin da ya same ni, in je in karanta tarihin yadda Turawan Ingila suka riƙa aika giya Indiya shekaru ɗari biyu da suka wuce. Na ɓata rai, na ce da azumi a bakina zai tura ni karatun giya? Ya ce ai bai ce in sha ba, bai kuma ce in sayar ba. Abin da yake nufi shi ne, babu wasu 'yan kasuwa da suka daɗe suna kokawa da zafi a kan ruwa mai sukari kamar masu wannan sana'a, kuma yawancin dabarun da yau ake kare madara da lemon kwalba da su, a hannunsu aka fara gwada su.

Mai karatu ya san matsayin giya a addininmu, ni ma na sani, ban taɓa kai ta bakina ba, ban kuma taɓa cin kuɗinta ba. Amma wanda maciji ya sara, ba ya ƙin jin bayanin masu kama macizai. Na karanta, kuma abin da na samu ne nake son in kawo wa 'yan'uwana masu aika kaya nesa.

Matsalar da masu giyar Ingila suka fuskanta ita ce wannan. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1600, ya tara Turawa masu yawa a Kalkata da Madras da Bombai: ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa, dukkansu suna marmarin abin shan da suka saba da shi a gida. A can kuwa zafi bai bari a dafa irin wannan giya ba, domin ba a ƙirƙiro na'urar sanyaya abu ba tukuna. Dole sai dai a kawo daga Ingila. Mashigin Suwez kuma sai a 1869 aka buɗe shi, saboda haka jirgin ruwa mai tafiya da iska sai ya gangaro ta tekun Atlantika, ya zagaye ƙarshen kudancin Afirka, sannan ya haura zuwa Indiya. Tafiyar takan ci wata huɗu zuwa shida. A cikinta jirgi yakan ƙetare layin da ya raba duniya biyu har sau biyu, wato kaya su fito daga sanyi su shiga zafi, su koma sanyi, su sake shiga zafi, ga kuma igiyar ruwa tana jijjiga su dare da rana a cikin gangunan katako. Idan na kwatanta wannan da kwana ukun da motata ta yi a hanyar Damagaram, sai in ga ashe ni wasan yara na yi.

Dabararsu ta farko ita ce ta fi taɓa ni, domin daidai wurin da na yi sakaci ke nan. Ba sa ɗora wa jirgi giyar da ba ta gama nuna ba. Sukan ajiye ta a gida watanni da yawa, har yis ɗin da ke cikinta ya cinye kusan dukkan sukarin da zai iya ci, ta lafa, ta daina tashi. Sun gane cewa duk ɗan zaƙin da aka bari a cikin ganga, da zafi ya taɓa shi zai farka ya ci gaba da aiki, iska ta taru, ganga ta tsage ko kuma abin da ke ciki ya yi tsami. Wato tun kafin kaya su bar gida ake raba zafi da abin da zai yi ɓarna da shi.

Ta biyu, sukan ƙara yawan furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop, wanda shi ne yake ba giyar Turawa ɗacinta. A lokacin gogayya ce kawai ta nuna musu cewa mai ɗaci ta fi jure tafiya. Daga baya kimiyya ta tabbatar da cewa sinadaran wannan fure suna hana irin ƙwayoyin da ke sa abu tsami yaɗuwa, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Har busasshen furen sukan ƙara jefawa cikin ganga kafin a toshe ta. Ta uku, a watannin sanyi suke dafa giyar da za ta yi nisa. Ta huɗu, a can ƙasan jirgi ake jera gangunan, ƙasa da fuskar ruwa, inda ya fi ko'ina sanyi kuma zafinsa ba ya saurin hawa da sauka. Irin wannan giya ce daga baya ta yi suna da India Pale Ale, ko da yake akwai baƙar giya mai suna fota da ita ma aka riƙa kai wa sojoji da yawa ta wannan hanya.

Sai dai abin da ya fi dabarun nan muhimmanci a wurina shi ne labarin amanar da ke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. A gabashin Landan, a wata unguwa da ake kira Bow, akwai gidan giya na iyalin Hodgson, kusa da inda jiragen Indiya suke lodi. Kyaftin-kyaftin da manyan ma'aikatan jiragen suna da izinin ɗaukar kayan kansu su sayar a can, kuma jiragen sukan tafi da sauran wuri, tunda babban lodinsu na dawowa ne. Gidan Hodgson ya riƙa ba su giya bashi na dogon lokaci, har zuwa shekara guda da rabi, wato sai mutum ya je Indiya ya sayar ya dawo sannan ya biya. Wanda ya ba da kaya a kan wannan sharaɗi ya ɗaura dukiyarsa ne a ƙafar kayan: in sun isa lafiya a biya shi cikin daɗin rai a sake ɗauka, in sun lalace mai bashi ya dawo hannu wofi. Saboda haka dole ya damu da halin da kayansa za su isa. Da haka gidan ya mamaye kasuwar Indiya shekaru da dama.

A farkon shekarun 1820 sai magadan gidan suka ga ai ribar da masu jirgi ke ci ta yi yawa. Suka soke bashi, suka ƙara farashi, suka fara jigilar kayansu da kansu. Mutanen da suka ɗauki sunan gidan a kafaɗa suka kai shi Indiya suka ji an ci amanarsu. Ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, Campbell Marjoribanks, ya nemi wani mai gidan giya na garin Burton da ke tsakiyar Ingila, Samuel Allsopp, ya ba shi shawarar ya gwada kasuwar Indiya. Shawarar ta zo a kan gaɓa, domin mutanen Burton sun rasa babbar kasuwarsu ta Rasha da ƙasashen tekun Baltik, da farko saboda yaƙe-yaƙen Napoleon, daga baya kuma saboda harajin da Rasha ta ɗora a 1822. Aka kuma yi dace ruwan rijiyoyin Burton yana ɗauke da irin sinadarin da ake yin filastar ɗorin karaya da shi, wanda ke sa giyar ta fito garau. Kayan Allsopp na farko sun isa Indiya a 1823. 'Yan kasuwar Kalkata suka riƙa rubuto masa wasiƙu suna faɗa masa yadda kayan suka isa da abin da ya kamata ya gyara, shi kuma yana gyarawa, duk da cewa tsakanin aika kaya da samun amsa sai a yi kusan shekara. Gidan Bass na garin ma ya shiga. Ba a jima ba kasuwar ta koma hannun mutanen Burton, gidan Hodgson ya yi ta ja da baya har sunansa ya ɓace. Tekun da zafinta ba su kayar da shi ba, raina abokan ciniki ne ya kai shi ƙasa.

Da na kai nan a karatuna sai na ajiye littafi na yi tagumi, domin na gane cewa amsar da na ba Alhaji a waya irin ta magadan Hodgson ce: na karɓi kuɗina, abin da ya biyo baya ruwanka.

Akwai wani labari na gefe da ya nuna iyakar abin da mutanen wancan zamani za su iya yi da zafi. A 1833 wani Ba'amurke mai suna Frederic Tudor ya loda wa jirgi ƙanƙara kimanin tan 180 daga Boston, ya lulluɓe ta da garin katako, ya aika Kalkata. Bayan wata huɗu a teku, kimanin tan 100 ya isa bai narke ba. Wannan ya nuna cewa lulluɓi yana jinkirta zafi ƙwarai, amma kusan rabin kayan ya tafi a hanya. Duk wanda ya dogara da rufi kaɗai, to da lokaci yake tsere.

Har zuwa wannan lokaci masu sana'ar sun san abin da ke aiki, ba su san dalili ba. Wanda ya buɗe musu ido shi ne masanin nan na Faransa, Louis Pasteur. Shi ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne suke lalata abin sha, kuma in aka ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 na ɗan lokaci, ba tare da an tafasa ba, yawancinsu za su mutu, ɗanɗano kuma bai sauya sosai ba. A 1871 ya ziyarci gidan giyar Whitbread a Landan, ya duba yis ɗinsu da madubin hangen ƙananan halittu, ya nuna musu baƙin ƙwayoyin da suka gauraya da shi, har ta kai gidan ya sayi irin wannan madubi nasa na kansa. A 1876 ya wallafa bincikensa a kan giya. Wannan ɗumamawa da yau ake yi wa madarar kwali da lemon kwalba, a kan ruwan inabi da giya aka fara ta, madara daga baya ta biyo.

Haka ma sanyi. A 1873 wani injiniya Bajamushe, Carl von Linde, ya kafa na'urar sanyayawarsa ta farko a gidan giyar Spaten da ke Munik, domin masu gidan suna son su yi aiki har da lokacin zafi ba tare da jiran ƙanƙarar hunturu ba. Firjin da ke ɗakinka da wanda ake ajiye allurar rigakafi a asibiti duk jikokin irin wannan na'ura ne. A Amurka kuwa, Adolphus Busch na birnin St. Louis ya haɗa dabarun biyu a shekarun 1870: ya riƙa ɗumama giyar kwalba, ya kuma yi amfani da taragun jirgin ƙasa masu ƙanƙara, da rumbunan ƙanƙara a kan hanya inda ake ƙara wa taragun, har ya iya kai kayansa jihohin kudu masu zafi. A 1892 William Painter ya ƙirƙiro murfin kwalba mai haƙora da muke gani a kan lemo har yau. Daga baya kuma wani baƙar fatar Amurka, Frederick Jones, ya sami rajistar na'urar sanyaya motar ɗaukar kaya. An kuma gano cewa hasken rana kansa maƙiyi ne, domin yana taɓa sinadaran furen nan ya haifar da ɗoyi cikin ɗan lokaci, shi ya sa yawancin kwalaben giya launin ƙasa-ƙasa ne.

Yankinmu ma wannan fatauci ya taɓa shi. Gidan Guinness na Dublin ya fara dafa wata baƙar giya mai ƙarin ɗaci domin ƙasashe masu zafi tun 1801, ta kuma iso Saliyo a 1827. Bayan fiye da shekara ɗari ana jigila ta teku, sai kamfanin ya gina masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, wadda ita ce ta farko da ya gina a wajen Ayilan da Birtaniya. A Indiya ma ƙarshenta haka aka yi, aka kakkafa gidajen giya a kan tsaunuka masu sanyi, kamar na Murree da aka buɗe a 1860. Duk dabarar da za ka yi wa doguwar tafiya, gajarta ta ya fi.

Kada a ɗauka cewa na'urori sun kashe matsalar. Masana suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan ninka saurin tsufan abin sha aƙalla sau biyu. Kwantenar ƙarfe da ke tsaye a rana a tashar jiragen ruwa cikinta yakan fi wajen zafi nesa ba kusa ba, saboda haka kwana goma a irin wannan wuri yana iya cin abin da wata da watanni a ɗaki mai sanyi ba za su ci ba. Ko da an kashe dukkan ƙwayoyin cuta, zafi yakan hanzarta aikin 'yar iskar da ta rage a wuyan kwalba, ƙamshi ya gudu, ɗanɗano ya koma kamar na jiƙaƙƙen kwali. Abin mamaki ma, irin giyar da yau ake sayarwa da sunan Indiya a Amurka da Turai tana cikin waɗanda suka fi tsoron zafi, domin yanzu ƙamshin furen ake nema, shi kuwa ƙamshi ba ya jure wahala.

Shi ya sa manyan kamfanoni suke hayar kwantena mai firji, su kuma jefa 'yar na'urar da ke rubuta yanayin zafi sa'a bayan sa'a a cikin kayan, ta yadda in gardama ta tashi, na'urar ce za ta faɗi ranar da wurin da aka yi sakaci. Ƙananan masu musayar kaya kuwa, waɗanda ke aika wa juna kwalabe goma ko ashirin a kwali, suna da nasu ladubban. Sukan naɗe bakin kowace kwalba, su sa ta a leda ita kaɗai domin in ta fashe kada ta ɓata 'yan'uwanta, su cike duk wani gurbi don kada kaya su yi motsi, su sa cikin akwati mai hana zafi shiga. Sukan aika a farkon mako domin kada kaya su kwana biyu a rumbun ajiya ranakun hutu, su zaɓi hanya mafi sauri ko da ta fi tsada, su kuma sanar da mai karɓa ranar isowa don kada a ajiye masa kwali a ƙofar gida cikin rana. Sun san jakar ƙanƙara ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Idan zafi ya tsananta kuwa, da yawansu sukan yi wa juna magana a haƙura sai kaka. Tun kafin kaya su tashi kuma akan yi ƙa'ida cewa in abu ya fashe ko ya lalace, mai aikawa ne zai maye gurbinsa. A babban ciniki ma, tun 1936 Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da ke fayyace daidai wurin da asara take tashi daga wuyan mai sayarwa ta koma na mai saye. Malamanmu na fiƙihu sun riga su tattauna hukuncin kayan da aka samu da aibi bayan ciniki. Ni da Alhaji kuwa shekara huɗu muna hulɗa, ba mu taɓa zama mun yi wannan magana ba, saboda kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Ina cikin wannan karatu sai kakana ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa. Fataucin goro ya yi tsakanin Shagamu da Kano, kuma yakan ba mu labarin iyayensa da suka riƙa zuwa Gwanja da jakuna, tafiyar watanni. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ba ya kuma son ruwa ya yi masa yawa. Akan shimfiɗa ganye a huhu a jera shi, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa, lokaci-lokaci a kwance a sauya ganye, a tsince duk wanda sankara ta kama kafin ya shafa wa saura. Ayari yakan yi sammako ya sauka a zango kafin rana ta take. Kakan nan nawa bai taɓa jin sunan Burton ba, amma abin da suke yi shi yake yi: tsabtace kaya tun daga tushe, zaɓen lokacin tafiya, da sa ido har a danƙa wa mai su. Ni jikansa, mai takardar makaranta da injin liƙe murfi, ni ne na manta.

Domin da na zauna na yi wa kaina hisabi, ga abin da na tarar. Saboda yawan odar azumi na rage lokacin dafuwa. Na bar zoɓon ya huce a buɗaɗɗun durom-durom kafin a ɗura, maimakon a ɗura shi da zafinsa. Na ƙara sukari. Na yarda aka yi lodi da hantsi, aka ja baƙin tamfal aka ɗaure tamau a kan kwalayen, babu ta inda iska za ta ratsa. Ban karɓi lambar direba ba, sai da kaya suka isa na ji cewa mota ta lalace. Lalacewar mota ƙaddara ce, amma ƙwayoyin da suka yi ɓarnar daga masana'antata suka hau motar. Rana ta same su ne a ciki ta ba su dama. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar tafiyar ma ban duba gorar ba.

Bayan Sallah na shirya na tafi Damagaram da kaina. Na tarar Alhaji ya sa an haƙa rami an tuttular da kayan gaba ɗaya, har da robobin da ba su kumbura ba, ya ce ba zai sayar wa Musulmi abin da yake kokwanto a kansa ba. Na ba shi haƙuri a kan maganar da na yi masa a waya, na mayar masa da kuɗinsa cif. Ya ƙirga, ya ware kuɗin mota ya turo mini, ya ce, "Malam, wannan nawa ne, ni na zaɓi motar." Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka raba biyu. A zaman nan muka rubuta 'yar takarda, shaidu biyu suka sa hannu, wadda ta faɗi wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace da kuma kwanakin da mai karɓa yake da su na yin ƙorafi.

Tun daga lokacin aikina ya sauya. Na sayi ma'aunin zafi, abin da kuɗinsa bai kai na katan biyu ba. Da zafinsa ake ɗura zoɓo yanzu, a cikin robobin da ke jure hakan. Daga kowace dafuwa nakan ware robobi shida in ajiye a ɗakin da ya fi ko'ina zafi har mako guda, in ɗaya ta kumbura, dafuwar ba za ta fita ba. Bayan magariba ake lodi, a bar rata tsakanin tamfal da kaya, lambar direba kuma tana hannuna da hannun Alhaji. Daga Maris zuwa Mayu kuwa na daina aika ruwa ƙetaren iyaka gaba ɗaya. Ɗan Alhaji ya zo Kano ya yi wata biyu a wurina ya koyi aikin, yanzu haɗin citta da kanumfari da robobi da takardar suna nake aika musu, su dafa a can, tunda zoɓo ba baƙo ba ne a ƙasarsu. Ribar da nake samu a watannin nan ta ragu, amma ina barci.

Na rubuta wannan ne saboda na san ba ni kaɗai ba ne. Ga mai aika kindirmo da fura, ga mai tumatir da ke gangarawa Kudu a kwanduna, ga mai kifi, ga wanda ya fi su duka haɗari, wato mai ɗaukar magani da allura a bayan a-kori-kura da tsakar rana. Kowannenmu in kaya suka lalace yakan ce rana ce, alhali ranar nan kowace shekara tana zuwa a lokacinta, ba ta taɓa yi mana ba-zata ba. Mutanen da suke fataucin abin da mu muka haramta wa kanmu sun shafe shekaru suna gyara aikinsu domin kada abokin cinikinsu da ke wata duniya ya buɗe ganga ya ga ɓarna. Mu da muke sayar da halal, muke kuma cewa ciniki amana ne, mu ya fi kamata mu damu da halin da kayanmu suke isa.

Bazara ta sake ƙaratowa. Kafin ka ɗaure kaya, ɗan'uwa, ka kira wanda za ka aika wa, ku yi maganar asara tun ba ta faru ba. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu a wurin ciniki.